Kurna, Ɗorayi, Tsamiyar Boka: yaranmu sun san unguwannin, sun san itatuwan kuwa?

Duk wanda ya taɓa shiga adaidaita sahu a Kano ya ji ana kiran waɗannan sunaye: Kurna, Ɗorayi, Rimin Kebe, Tsamiyar Boka, Durumin Iya, Kasuwar Rimi. Yau sunayen unguwanni ne da kasuwa, amma tun kafin a yi unguwannin sunayen itatuwa ne. Da itace kakanninmu suke yin kwatance, a gindinsa ake shan inuwa, a nan mai unguwa yake sasanta rigima, a nan fatake suke sauke kaya. A wasu wuraren itacen yana nan tsaye, a wasu kuma sunan ne kawai ya rage.

Uwargida, gwada wannan yau da yamma. Ki tambayi ɗanki ɗan shekara goma ya lissafa miki itatuwa goma da zai iya ganewa idan ya gan su. Mangwaro da darbejiya ba za su ba shi wahala ba. Daga nan ki ji ko zai iya kai wa ga kanya, ɗinya, aduwa, marke, gawo da ceɗiya. Yaron da yake cin miyar kuka sau uku a mako, yana shan kunun tsamiya da azumi, ana sa masa daddawa a kowace miya, sau da yawa bai taɓa tsayawa a gindin kuka ko ɗorawa ya ɗaga kai ba. Ba laifinsa ba ne. Daga gida sai boko, daga boko sai Islamiyya, abin da ya rage na yini kuma waya ta cinye.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba malamar gona ba, kuma ta ƙofar asibiti na shigo wannan magana. Muna ganin yadda ɗakin yara yake cika idan damina ta kankama, da yadda masu asma suke yawaita da hunturu, da yadda zafin Afrilu yake galabaitar da jarirai da tsofaffi. Yawancin abin da yake kawo su wurinmu daga layin unguwa ya faro: kwatar da ta toshe, bolar da ake ƙonawa, filin da babu inuwa ko ɗaya. Ana koya wa yara darasin muhalli a aji, su haddace, su rubuta a jarrabawa, su fito su yar da ledar fiya wata a ƙofar makarantar. A ganina abin da yake zama a zuciyar yaro shi ne wanda ya yi da hannunsa a waje, tare da sa'anninsa, manya suna kallo.

Asabar ɗin ƙarshen wata

Muna da rana a hannu, ba sai mun ƙirƙiro wata ba. Tsaftar muhalli ta ƙarshen wata ta samo asali ne tun mulkin soja na Buhari da Idiagbon, a tsakiyar shekarun 1980, kuma a Kano har yanzu ana taƙaita zirga-zirga da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata domin a yi shara. Amma mu faɗi gaskiya, a gidaje da yawa ta koma ranar ƙarin barci. Maigida yana kwance yana jiran a buɗe hanya, yara suna buga ƙwallo a kan titin da babu mota.

Kafin gwamnati ta san da wannan, Bahaushe yana da gayya. A kira mutanen gari a nome gonar wani, ko a gyara hanya, ko a yashe rijiya, mai gayya ya tanadi fura ko kunu, a yi aiki ana raha. Unguwannin da yashe kwata yake ɗorewa a cikinsu, irin wannan tsarin suke bi: matasa su fito da shebur da manjagara da baro, dattawa su zauna a kan benci suna sa albarka, daga cikin gidaje kuma a aiko da kunu da ƙosai. Wannan kunun ba ƙaramin abu ba ne. Shi ne yake mai da aikin ya zama na unguwa, ba na 'yan sa kai biyar da za su gaji bayan wata biyu ba.

To ina yara a ciki? Ba cikin kwata ba, wannan kam ban yarda ba. A cikin taɓon nan akwai fasassun kwalabe, da reza, da ƙusa mai tsatsa, har da allurar da wani ya yi amfani da ita ya jefar. Shiga kwata aikin manya ne masu takalmin roba da safar hannu mai kauri. Idan wani ya yanke, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa nan take, a je asibiti a duba maganar allurar tetanus, kada a tsaya shafa toka ko man birki. Aikin yara shi ne tsintar leda a busasshen wuri da takalmi a ƙafa, da tura baro, da wani aiki da ya fi waɗannan duka amfani: farautar ruwan da ya kwanta.

Ga abin da ya sa. Sauro yana yin ƙwai a kan ruwa, kuma a yanayin zafi irin namu, daga ƙwai zuwa sauron da yake tashi ya ciji mutum bai cika wuce mako guda zuwa kwana goma ba. Ki sa yara su zagaya layi su duba tsohuwar taya, gwangwanin madara, fasasshen tulu, ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, sawun tayar mota da ruwa ya taru a ciki. Su ɗebo ruwan a kwalba mai haske su ɗaga ta a rana. Za su ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil. A gaya musu waɗannan ne sauron mako mai zuwa. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba ya sake wuce gwangwani mai ruwa bai kifar da shi ba.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: sauron da yake kawo zazzaɓin maleriya ya fi son ruwa marar datti sosai, marar zurfi, wanda rana take duka, irin wanda yake kwanciya a rami bayan an ɗauke ruwan sama. Sauron kwata mai wari wani iri ne daban, shi ne mai yawan kuka a kunne da dare. Wanda yake hayayyafa a taya da randar da ba a rufe ba kuma shi ne mai ɗauke da shawara da zazzaɓin dengi. Saboda haka yashe kwata kaɗai ba ya kawar da maleriya, sai an haɗa da cike ramuka. Kuma duk wannan ba ya ɗauke wa kowa kwana a gidan sauro, ko karɓar maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar duk wata da damina. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke, ba cutar da za a yaƙa da tsintsiya kaɗai ba ce.

Sai maganar abin da za a yi da sharar bayan an tara ta. A nan ne aikin gayya da yawa yake lalacewa. A fito da taɓo a jibge a bakin kwata, ruwan dare ya mai da shi inda ya fito. Ko a tara leda a cinna mata wuta a tsakiyar layi, hayaƙin ya shiga ɗakin da mai jego take da jariri. Hayaƙin leda da roba guba ne ga huhu, yana tayar da asma, kuma yara ne suka fi shaƙarsa domin su ne suke zagaye wutar. Tun kafin ranar a san wanda zai kwashe, ko motar hukumar kwashe shara, ko masu kura da za a haɗa kuɗi a biya su kai inda aka tanada. Robobin ruwa da gwangwanaye da ƙarafa kuwa 'yan jari bola suna saye. A bar wa yara su tara su sayar, kuɗin ya shiga asusun sayen tsintsiya ko ƙwallo. Idan kina son yaro ya tsani yar da leda, ki kai shi wurin mahauci ya tambaye shi abin da suke tararwa a tumbin akuya da saniyar da suka yi kiwo a bola.

Ba na son in yi wa kowa alkawarin da ba haka ba. Ambaliya irin wadda ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ta fi ƙarfin shebur ɗin 'yan unguwa. Amma ruwan da yake shiga ɗakuna bayan ruwan sama na awa biyu, ya taso da masai, ya gurɓata rijiya, mako biyu bayan nan mu fara karɓar masu amai da gudawa, wannan sau da yawa ledar layinmu ce ta toshe masa hanya.

Dasawa ba wuya, rainon ne aiki

Duk shekara idan 5 ga Yuni ta zo, ranar muhalli ta duniya, za ki ga hotuna a Facebook: manya da babbar riga sun durƙusa, an miƙa musu butar ban ruwa, an dasa itace, an tafa. Ki koma wurin a watan Maris ki ƙirga waɗanda suka rayu. Ɗan itacen da aka dasa aka tafi aka bari, akuya ce take fara kai masa ziyara, sai rani ya ƙarasa shi. Shi ya sa nake ganin gara yaran layi su dasa biyar su raine su, da a raba musu ɗari a yi hoto.

Lokacin dashe shi ne idan damina ta zauna sosai, ƙasa ta jiƙu har ciki, wajen watan Yuli a yawancin ƙasar Hausa, domin saiwa ta samu wata biyu ko uku tana shan ruwan sama kafin a ɗauke. A haƙa rami ya fi ledar dashen faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a yage ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da an farfasa ƙasar da ke riƙe da saiwar ba. Mutane da yawa da ledar suke binnewa, sai saiwa ta nannaɗe a ciki itacen ya tsumbure. A bar ɗan kwari a gindi inda ruwa zai tsaya. A ranar, ba gobe ba, a kewaye shi da ƙaya, ko tsohon kwando, ko bulo da aka jera da 'yan ƙofofin shan iska.

Sannan kowane itace ya samu mai shi. Wannan na Abba ne, wancan na Ummi da ƙanwarta. Ruwan alwala, da ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye, da na ɗaurayar kwanuka wanda babu sabulu da yawa, duk sun isa su rayar da itace a rani biyu na farko, kuma ruwa ne da dama zubarwa ake yi. Yaron da yake ɗaukar buta kullum da yamma ya kai wa itacensa, idan ya ga wani yana karya reshe ba sai an ce masa ya yi magana ba. Malamai sun sha faɗa mana cewa dashen itace sadaka ce ga duk wanda ya ci ko ya sha inuwa, har tsuntsu da dabba, kuma yara suna riƙe wannan maganar fiye da yadda muke zato.

Wane iri za a dasa? Darbejiya, wadda wasu suke kira dogon yaro ko maina, ita ce ta cika garuruwanmu, har yara suna ɗauka tamu ce tun asali. Daga ƙasar Indiya take, a zamanin Turawa aka kawo ta. Tana jure fari, tana saurin yin inuwa, amma saiwarta tana fasa daɓe da ramin masai idan an dasa ta dab da gini, don haka a ba ta fili. A cikin gida zogale ya fi dacewa: yana fitowa daga iri ko daga reshen da aka kafa, cikin 'yan watanni an fara tsinkar ganye a yi kwaɗo. Gwaba, lemun tsami da gwanda ma suna yi a tsakar gida. A filin makaranta, maƙabarta, bakin masallacin Idi, a nan ya kamata a sa namu na gado masu jinkirin girma: tsamiya, kuka, ɗorawa, kanya, maɗaci. Wanda ya dasa tsamiya ba lallai ya sha kununta da wuri ba, shi ya sa kowa yake gudunta, shi ya sa kuma take ƙarewa.

Akwai darasi babba daga 'yan'uwanmu na Maraɗi. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 an kashe kuɗi mai yawa ana dasa itatuwa a Nijar, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai aikin gona a yankin, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa duk shekara kafin shuka ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu take raye a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a share su duka, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture a bari, a datse sauran. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, itacen yana tashi da sauri ba tare da ban ruwa ba. Manoma suka sa wa abin suna sassabin zamani, ya yaɗu daga gona zuwa gona a Maraɗi da Damagaram, har aka ƙiyasta ya farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Da yawansu gawo ne, itacen nan mai abin mamaki da yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore shar da rani lokacin da dabbobi suke neman abinci.

Wannan aiki ne da yara za su iya koya cikin yini ɗaya. Idan an je ƙauye hutu, a roƙi kawu ko kaka ya zagaya da su gona ya nuna musu toho, ya faɗa musu sunan kowanne da amfaninsa, su ɗaura wa wanda aka zaɓa jan ƙyalle don kada a sare shi. A sa takalmi mai rufe ƙafa, kada a tura hannu cikin rami ko ƙarƙashin tarin kara, domin kububuwa ba ta sallama. Tsofaffin nan da muke gani a zaune a ƙofar gida sun san itatuwa da ciyayi fiye da abin da ke cikin littafin makaranta, kuma ba wanda yake tambayarsu.

A ɗaga kai sama

Ba kowace fita ce sai an yi gumi ba. Mutanen Kano suna da Dutsen Dala a tsakiyar gari. A hau da yara da sassafe kafin rana ta yi zafi, a ce su nuna inda ya fi kore da inda babu komai sai rufin kwano, sannan a tambaye su a ina suke ganin an fi shan zafi da dare. Akwai gidan zu na Audu Bako. Mutanen Bauchi suna da Yankari. A Jigawa da Yobe akwai fadamar Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye suke tasowa tun daga Turai, su ƙetare Sahara, su yi hunturu a wurinmu.

Amma ko daga kan dakalin ƙofar gida ana iya farawa. A ba yara tsohon littafin rubutu su riƙa rubuta ranar da suka fara ganin shamuwa a shekara. Iyayenmu da zuwanta suke gane damina ta kusa, tana yin sheƙa a itatuwan cikin gari, tana cin fara, idan rani ya shigo ta yi kudu. Su rubuta ranar ruwan farko, ranar da kuka ta fara toho, ranar da hazo ya sauka. Ki tambaye su yaushe rabon da su ga ungulu. Mu da muka taso muna ganinta a kan rufin mahauta mun san ta yi ƙaranci, kuma tun 2015 masana suka sa irin tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da farautar masu sayar da sassan jikinta. Ita ce take cinye mushe kafin ya ruɓe ya tara ƙuda. Yaron da yake ƙirga tsuntsaye a hankali yake ajiye danƙo.

Kududdufi kuwa a kalle shi daga baki. Wanka a ruwan da ba ya gudu shi yake kawo tsargiya, fitsarin jinin nan da wasu har yanzu suke ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji. Cuta ce, tsutsarta daga jikin wasu ƙananan dodon koɗi na cikin ruwa take fitowa ta huda fata, kuma tana da magani a asibiti. Ga kuma nutsewa, wadda duk damina sai ta ɗauki 'ya'yan mutane.

Ga jikin yaron ma fitar tana da riba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Binciken da aka yi a makarantun Taiwan da Sin ya nuna yaran da suke samun lokaci a waje cikin hasken rana ba su cika kamuwa da matsalar rashin hangen nesa ba kamar waɗanda suke wuni a ɗaki. A dai kauce wa tsakar rana a watannin bazara, a tafi da ruwan sha, a sa hula.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk lokacin da aka yi irin wannan fita, maza ne. 'Yan mata suna gida suna wanke-wanke, alhali su ne gobe za su yanke shawarar inda za a zubar da shara, da irin makamashin da za a yi girki da shi, da ko za a bar zogalen tsakar gida ko a sare shi a yi daɓe. Na san damuwar iyaye, kuma tana kan hanya. Maganinta shi ne tsari: a fita rukuni, da malama ko wata babbar mace da aka yarda da ita, a san inda za a je da lokacin dawowa. Filin Islamiyya ma waje ne. Ajin 'yan mata zai iya riƙe nasa layin itatuwa, su yi gasa da ajin maza a ga na wa zai fi rayuwa zuwa ƙarshen rani.

Uwargidan da ba ta fita ma tana da hannu a ciki dumu-dumu. A taron adashi ko a zauren WhatsApp na matan layi ake yanke maganar wa zai dama kunu wannan watan, nawa kowane gida zai bayar na mai kura, gidan wa za a ajiye shebur da baro. Maigida ko babban ɗa ya kai wa mai unguwa da liman maganar, a yi sanarwa bayan sallar Asuba ranar Juma'a. Idan ana son dashe a Yuli, tun watan Mayu ya kamata yara su fara cika ledojin fiya wata da ƙasa da taki, su huda ƙasansu, su jera a inuwa. Irin zogale a sa shi haka nan. Na tsamiya a jiƙa shi ya kwana. Na kuka kuwa ɓawonsa yana da tauri, sai an ɗan kankare gefe ɗaya a jikin dutse ko an zuba masa ruwan zafi an bar shi ya kwana a ciki kafin ya yarda ya tsiro.